Ƙorafi Kan Tsayar Da Iyalina Kusa Da Mai Gyaran Waya

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Makarantar Karatun Manya ta Yamma.

Daga:
Mai facin taya, ɗalibin aji biyu, bencin baya.

Kwanan wata: 9 ga Yuni.

Game da: Yadda malamin Turanci yake koyar da wakilin suna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman afuwa idan rubutun bai tsaru ba. Ni ba mai rigima ba ne, na daɗe ina haɗiye abin nan.

1. Ranar 5 ga Mayu muka shiga darasin wakilin suna, wato yadda Turanci yake ware kalmar namiji da ta mace da ta jama'a. Malam yakan fito da mutum biyu gaban allo, mu nuna su da yatsa muna maimaitawa. Macen da yake fitarwa iyalina ce. Namijin kuwa kullum wani mai gyaran waya ne, wanda yake shigowa aji da turare kamar ba karatu ya kawo shi ba.

2. Da aka kai kan kalmar jama'a, Malam ya sa suka matso kusa da juna. Sai ga jimloli: sun je kasuwa, sun share ɗakinsu, suna son 'ya'yansu. Ranka ya daɗe, da bakina na maimaita wannan, har aka ce in ɗaga murya.

3. Ranar 19 ga Mayu na roƙi Malam cikin ladabi ya gwada ni. Na fito, na yi kuskure na kira iyalina da kalmar maza. Aji ya kwashe da dariya. Ita ma ta yi, ko da yake ta rufe baki. Aka mayar da ni baya, aka dawo da mai turare. Ban ce bawan Allahn ya yi laifi ba, Turancinsa a miƙe yake. To amma in da na iya, me zai kawo ni makaranta?

4. Maganar ta fita waje. 'Yan ajinmu in sun biyo ta rumfata sai su tambaye ni ya mutanen gaban allo. Har ta kai kunnen mahaifiyata, ta ce daga ƙarshen wata iyalina ta zauna a gida. Ni na sha wahalar roƙo aka bar ta ta fara, kuma duk ajin babu wanda ya kai ta. Ba na so a cire ta. Ba na kuma so in ci gaba da nuna ta da yatsa ita da wani.

Saboda haka ina roƙon mai girma Shugaba ya umarci Malam, kafin wata ya ƙare, ya riƙa tsayar da ni kusa da ita. A yi ta dariya, zan jure har in iya. Ina kuma roƙo kada ta ji labarin takardar nan, don na gaya mata abin bai dame ni ba.

Allah ya ƙara girma. Na gode ƙwarai.

Naka mai biyayya,
Mai facin taya.