Lallen Yaya Sa'adatu

Gyadi-Gyadi, Kano.
Yuni, 1999.

Ƙawata Ogechi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Mama da su Onyekachi. Yaya zaman Enugu? Allah sa ba ki fara manta Hausarki ba.

Mun gama jarrabawar aji uku, saura zaɓen ajin kimiyya ko na adabi. Kin san ina son likitanci kamar Yaya Sa'adatu, amma Baba ya ƙi. Yaya Bashir, ɗan Kawunmu da ke gaba da ita da aji ɗaya a makarantar likitoci, shi ya gaya masa wai mata ba sa iya anatomi, wato ilimin sassan jikin mutum, wai suna ganin gawa suke sumewa. Baba ya ce ba zai jefa 'ya'ya biyu cikin wahala ɗaya ba. Sai Yaya ta ci jarrabawarta ta anatomi tukuna. Inna ta ce tunda sojoji ma sun miƙa mulki, a gidan nan a kaɗa ƙuri'a. Baba ya ce shagonsa na ɗinki ne kawai ya koma farar hula.

Gaskiya maza sun fi su samun lokaci. Su sukan zauna a ɗakin gawa har a rufe, Yaya kuwa dole ta dawo kafin magariba. Don haka ita da ƙawarta Uzoamaka suka mai da ni allo. Suna zana jijiyoyi da ƙasusuwa a hannuwana, suna yi wa juna tambayoyi. Biro yana fita da alwala, shi ne Yaya ta kwaɓa lalle. Ogechi, yanzu daga kafaɗata har yatsu taswira ce ja! Ko aike zan je kasuwar Tarauni sai na naɗe hannu cikin hijabi. Ina jin kunya ƙwarai, amma na haddace duk abin da suke faɗa, ban gaya wa kowa ba sai ke.

Ki sa mu a addu'a ranar Lahadi.

Taki,
Asabe.

Gyadi-Gyadi, Kano.
Satumba, 1999.

Ƙawata Ogechi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na samu wasiƙarki, kuma ban yafe miki dariyar da kika yi mini ba.

Har aka kusa komawa makaranta sakamakon su Yaya bai fito ba, ga shi shugabar makarantarmu tana jiran amsar iyaye. Na riga na haƙura da kimiyya.

Ran nan na kai wa Baba abinci shago. Ina ajiye kwano hijabina ya zame, ya ga hannun, domin Yaya ta sake zanawa wai kada ta manta. Ya tambayi wane irin ƙunshi ne wannan marar fure. Kin san ko ido ba na iya haɗawa da shi. Na sunkuyar da kai na fara bin layin da yatsa, ina faɗin sunan kowace jijiya da inda ta dosa. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Yaran shagon duk suka daina taka keke.

Sai Baba ya miƙo nasa hannun. Ashe ya daɗe ƙaramin yatsansa yana sagewa, bai faɗa a gida ba. Na nuna masa a nawa hannun yadda jijiyar yatsan take bi ta bayan gwiwar hannu, daidai inda yake dogarawa a kan tebur idan yana yanka yadi. Na ce ni ba likita ba ce, ya je a duba shi. Ya taɓa wurin, ya zabura, ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Washegari da kansa ya je wurin shugabar makaranta.

Sakamakon ya fito daga baya. Yaya ta ci, Uzoamaka ma ta ci da kyau. A ajin nasu wasu maza sun faɗi, wasu mata ma sun faɗi, kusan kai ɗaya. Yaya Bashir ya zo taya murna, Inna ta tsare shi da tambaya, a ƙarshe ya yarda cewa a ajinsu wanda ya fara sumewa a ɗakin gawa namiji ne. Ya ƙi faɗin sunansa, mu ma ba mu matsa ba.

Jiya Baba ya dawo da farar rigar da ake sawa a ɗakin gwaje-gwaje, shi ya ɗinka mini. Na ga ya bar kalmasa mai faɗi a ƙasa da hannuwa, na ɗauka kuskure ne. Ya ce a bar ta haka, za a warware idan na shiga jami'a.

Ki gai da Mama sosai.

Taki har kullum,
Asabe, ta ajin kimiyya.