Inna Ta Wanke Duwatsun Kifi

Daren Laraba, Gyaɗi-Gyaɗi

Na dawo daga asibiti a gajiye, na tarar Inna, uwar mijina, ta kwashe duwatsun cikin gilashin kifi ta dirje su tas da soson ƙarfe. Ɗan kifin tekun nan bai fi yatsana ba, kuma gansakukar jikin duwatsun ita yake tsattsaga duk yini. Abincin gwangwani ƙari ne kawai. Shekara uku mijina yana renon koren nan kafin ya rasu.

Inna ta ce, "Alhaki ne, 'yar nan, a bar dabba cikin ƙazanta. Da ɗana na raye ba zai bari ba."

Na buɗe baki, sai na ga yatsunta duk sun saɓule. Na ce, "Sannu da aiki, Inna."

Na maƙala wa kifin busasshen ganyen teku, ko kallo bai yi ba. Zagaye kawai yake yana saran farin dutse. Na kira mai shagon kifi na Tarauni, ya ce koren zai dawo, amma sai an yi makonni. Ban iya tambayarsa ko kifin zai kai lokacin ba.

Ɗazu Inna ta leƙo, ta ce in kwantar da hankalina, duk Laraba za ta riƙa wankewa.