Saƙon "Bonsuwar Kyakkyawa" Ya Faɗa Wayar Gwaggon Amaryata

Anti Fa'iza, ki taimake ni, aurena na shirin rushewa, kuma wallahi laifin waya ne.

Ina da kiyos, wato ɗan shago, na tura kuɗi a nan Zangon Wagadugu. Kin san aikin, mutum zai zo ya faɗi lamba, ni in danna. To wani lokaci, idan mai faɗin budurwa ce mai fara'a, sai in adana lambar a wayata. Ban ce wa manhajar hira komai ba, ita da kanta take fito mini da hoto da suna, ta ce ga sabuwar ƙawa. Zumunci kuma ai ibada ne.

Makon jiya wata yarinya ta zo, na adana lambar da ta faɗa. Na manta cewa wani lokaci lambar wanda za a tura wa kuɗi ake faɗi, ba ta mai turawa ba. Hoton fure na gani a manhajar, na aika muryata da barka da yamma ta Faransanci: bonsuwar kyakkyawa, idonki ya hana ni aiki. Ashe Hajiya Rokia ce ta unguwar Wemtenga, gwaggon Salamata da zan aura bayan Sallah. Ta kunna muryar a gidan suna, mata cike da tsakar gida. Salamata ta toshe lambata, ni kuwa ina sonta har raina. Ya zan yi?

Mai Kiyos, Zango

Mai Kiyos, sannu da ibada. Duk zumuncin nan bai taɓa faɗawa kan lambar wani tsoho mai gemu ba, ikon Allah!

Ta wani gefen kana da gaskiya. Manhajar da ke miƙa hoton mace ga duk wanda ya tsinci lambarta ta yi sakaci. Kamata ya yi sai kowa na da lambar ɗan'uwansa kafin ta haɗa su. 'Yan'uwana mata, kafin masu manhaja su farka, ku shiga saitin waya ku ɓoye hotonku ga wanda ba ku adana ba, ku kashe damar a nemo ku da lamba.

Amma wayar ba ta adana lambar da kanta ba, kuma ba ita ce ta rangaɗa bonsuwar ba. Amana aka ba ka don aiki, ka mayar da ita tarkon 'yan mata. Haushinka shi ne wannan karon ta faɗa kan wadda ta san gidanku. Sauran matan shiru suka yi, suka sauya kiyos.

Ka goge lambobin nan duka, ka hana manhajar leƙa lambobin wayarka. Ka ɗauki kawunka ku je gaban Hajiya, kada ka kuskura ka ambaci laifin waya. Salamata kuma ka bar ta ta huce. In ta ce ta fasa, hakkinta ne, domin yanzu ta ɗanɗana abin da ka hana waɗancan matan: ita ta zaɓi wanda zai same ta a waya.

Allah ya daidaita ku, ya kuma sa idon Hajiya ya bar ka ka yi aiki.

Anti Fa'iza