Mai Haƙoran Da Ya Cinye Mini Ummi

Zuwa ga jikana Sani, angona na Legas,

Ƙulin-ƙulifita: haƙoransa sun fi na kada, ba ya cin tuwo, amma ya cinye mini jika.

Kafin ka canka, gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya aiki? Mu nan Soron Ɗinki lafiya lau, sai gwiwata.

Ƙanwarka Ummi ta samu aikin buga takardu, ta ja ni kasuwa zaɓen mai haƙoran nan. Ta latsa wannan ta ce ya yi tauri, ta shafa wancan ta ce zai gajiyar da yatsunta. Na ce, "Ke 'yar nema, ɗauki mai ƙara mana, in riƙa jin ƙwas-ƙwas in san kina gida." Sai ta ɗauki marar sauti, wai kada ta tashi kakanku daga barcin rana. Tsohon da ko ganga ba ta tashinsa!

Yanzu har riga ta ɗinka masa. Ni kuwa rabona da tausa tun ranar.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida maƙwabta. Ka kira Ummi ka ce gwiwata tana cigiyar yatsunta.

Kakarka, Hajiya Yalwa

Af, amsar ita ce kibod ɗin kwamfuta.