Hausar Tahidu a Tsohuwar Kwamfuta

Gumbihini, Tamale

Yaya Batulu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara da duk mutanen Kumasi. Yaya gwiwar? Mu nan Alhamdulillahi. Na koma sayar da waakye, shinkafa da waken nan tawa, tun bayan sadakar arba'in ɗin Tahidu, don zaman ɗaki ba ya rage min komai.

Yaya, sai ranar Talatar nan na gane abin da ɗana yake yi shekara da shekaru. Kin tuna tsohuwar kwamfutarsa mai ƙaton kai, wadda na sha cewa ya kai wa masu gwangwan? Matarsa Mubarika ta kunna ta don ta duba sakamakon jarabawarta. Akwai wata manhajar shiga intanet a ciki, burauza suke ce mata. Ba ta nuna hoto, rubutu ne zalla a kan baƙin allo, shi ya sa tsofaffin kwamfutoci suke iya ɗaukarta, kuma ba ta cin data. Ta nemi a sabunta ta, Mubarika ta amsa. Da aka gama sai Turancin da ke ƙasan allo ya koma Hausa. Ta kira ni daga bakin murhu. Ina tsaye da ludayi a hannu, shafin bai buɗe ba tukuna, sai na karanta a ƙasa: "Yana kan wuta, a ɗan yi haƙuri."

Maganata ce, Yaya. Ita nake gaya wa masu saye kullum in sun zo waakye bai nuna ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka fita da gawar Tahidu, amma wallahi mai daɗi ne.

Ashe duk tambayar da yake min ina aiki, Mma yaya ake cewa kaza, Mma in mutum ya ɓata hanya me za a ce masa, ba tsokana ba ce. Fassara manhajar yake yi saboda makarantun Dungu da Gurugu da yake gyara wa kwamfutoci. Ya aika wa masu manhajar abin da ya gama kafin ciwon ya kwantar da shi.

Sai dai rabi ne. Masu manhajar, mutane ne 'yan sa kai a ƙasashe daban-daban, sun rubuto cewa duk harshen da bai cika ba za su cire shi a fitowa ta gaba in ba a samu mai ƙarasawa ba. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Sahada

Yaya Batulu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Da fatan jiki da sauƙi. Man zafin da kika aiko ya iso, Allah ya saka da alheri.

Kin ce kada in ɗora wa kaina abin da ya fi ƙarfina, ni da na tsaya a firamare. Gaskiyarki ne, ni kaɗai ba zan iya ba. Amma Mubarika tana takaba, ba ta fita. Tana da Turanci, sai dai Hausarta ta kasuwa ce, kin san Dagomba ce. Ni kuma ina da Hausa ba Turanci. Bayan la'asar, in na wanke tukwane, sai mu shimfiɗa tabarma a gaban kwamfutar. Ta bayyana min abin da layin yake nufi, wani lokaci har da yarensu na Dagbani, in faɗi yadda mutum zai ce wa maƙwabcinsa, ta buga. Mukan yi gardama. Shekaranjiya ta ce Hausata ta tsofaffi ce, na ce ai kwamfutar ma tsohuwa ce. Ranar na fara jin dariyarta tun rasuwar.

Sabuntawar ta zo da abubuwa masu kyau. Yanzu ana iya ƙara girman rubutu, ba sai na sa tabarau ba. In aka ɗauke wutar lantarki, dumsor ɗin nan namu, da ta dawo sai ta mayar da ke inda kika tsaya. Haruffanmu masu lanƙwasa, da a da suke fitowa kamar ƙananan akwatuna, yanzu suna fitowa daidai. Ana kuma iya ajiye shafi a karanta shi ba data.

Wani malami daga Kano, shi ma ɗan sa kai, yana gyara mana rubutu. Mutumin kirki ne. Ya so ya sauya maganar nan ta "yana kan wuta" da wata da ya ce ta fi dacewa da na'ura. Na sa Mubarika ta rubuta masa cewa ya gyara komai, amma wannan ta marigayi ce. Ya yi mana ta'aziyya, ya bar ta.

Damuwata ɗaya, takabar ta kusa ƙarewa, iyayenta za su zo su tafi da ita Savelugu.

Ki gaishe min da Husseina da jaririnta.

Taki,
Sahada

Yaya Batulu,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Ba a cire Hausar ba. Sabuwar manhajar ta fito makon jiya, duk abin da mutum zai danna da duk saƙon da zai gani da Hausa suke. Sun sa sunan Tahidu cikin waɗanda suka yi aikin. Mubarika ta so a ƙara nawa, na ce nasa ya ishe ni.

Shugabar makarantar Dungu ta zo sayen waakye, ta ce yaran sun daina kiranta duk lokacin da shafi ya ƙi buɗewa, suna karantawa da kansu. Na cika mata kwano na ƙara mata ƙwai.

Mubarika ta koma gidansu. Na ba ta kwamfutar, ta ƙi. Ta ce: "Mma, in na tafi da ita, da wane dalili zan riƙa zuwa?" Na ce ba ta buƙatar dalili, amma na bar kwamfutar a inda take, na lulluɓe ta da zane saboda ƙura. Gidan ya yi shiru, sai dai ina barci yanzu, ina kuma cin abinci.

Ki gaishe da kowa da kowa. Ni ce ƙanwarki Sahada.

Na manta ban gaya miki ba. Shafin taimako, inda ake koya wa sabon shiga yadda zai yi amfani da manhajar, har yanzu da Turanci yake. Yana da tsawo. Tahidu bai kai wurin ba, mu ma ba mu kai ba tukuna.