Shekara Sha Tara Tana Karanta Filas Ɗina

Doña Ofelia,

Don Allah ki agaza mini da shawara kafin Asabar, domin tun ranar Talata abinci ba ya mini daɗi a baki. Shekarata sittin da takwas, malamar lissafi ce ni da ta yi ritaya, ban taɓa satar amsa ba ko a firamare. Ga shi yau an wayi gari wai da ni aka yi ta maguɗi.

Shekara goma sha tara muna buga kartar birij, wadda ake karawa biyu-biyu, ni da aminiyata Delmira a kulob ɗin unguwarmu. Ita ta riƙe ɗana a coci ranar baftisma, ita ta taya ni jinyar mijina har ya cika. Ba mu da wani abin a zo a gani sai idan abokan karawa sun ɗauki alkawarin ci, tsaro ya faɗo kanmu. To nan ake tsoronmu. Kin san mai tsaro ba ya ganin hannun abokinsa, magana haramun, ƙifta ido haramun. Kati kaɗai ke da baki: in na jefa babba, ci gaba da wannan kalar ke nan, in na jefa ƙarami, a canza. Littafi nawa na saya a kan wannan! Nakan auna tsakanin bakwai da uku kamar mai auna magani, Delmira kuwa ba ta taɓa kuskuren fahimtata ba. Kofi huɗu muka ci, biyu suna falona, duk Lahadi sai na goge su.

Ranar Talata, a wasan kusa da na ƙarshe, alƙalin wasa Don Washington ya hana zama teburi da mate, shayin nan namu da ake sha a ƙoƙo, saboda wani ya tuntsurar da ƙoƙonsa ya jiƙa karta. Ni kuwa, kamar kowa a garin nan, filas ɗin ruwan zafin haɗa mate ba ya barin hammatata. Na ajiye shi bakin ƙofa ina gunaguni. Doña, abin da ya biyo baya ban taɓa gani ba. Na jefa wa Delmira tara mai alamar zuciya, ta canza kala. Na jefa biyu, ta ci gaba. Sau uku tana miƙa wa mutane wasan da ke hannunmu. Da ƙyar muka tsallake, shi ma albarkacin makin makon jiya.

A tashar bas na tsare ta, na ce, "Ke Delmira, lafiyarki kuwa? Tara fa na jefa miki, tara!" Ko a jikinta, ta gutsiri biredinta ta ce, "Yo wa ke kallon katinki, malama? Filas ɗinki nake kallo. In kalar ta yi miki, ki ƙanƙame shi kamar jariri. In ba ta yi miki ba, ki kama tsiyaya ruwa. Yau sun ƙwace mini tabarau, ya kike so in yi?" Har da dariyarta.

Na sandare a wurin, bas biyu suka wuce ban sani ba. Har yanzu ban san wanne ya fi ƙona mini rai ba, cin mutane da muka yi da haram, ko kuwa lissafin da na yi ta yi duk shekarun nan ba wanda ya taɓa dubawa. Akwai wasu dattawa mata da miji, su Etcheverry, sau biyu muna kayar da su a wasan ƙarshe. Matar har rungume ni ta yi, ta ce ba ta taɓa ganin tsaro irin namu ba. Kunyarta nake ji kamar in nutse.

Asabar ne wasan ƙarshe, kuma an janye dokar hana mate. Delmira ta ce in zo da filas in ja bakina, wai abin da ido ya gani ba sata ba ne. In na yi magana, sunanta ya ɓaci, wataƙila na rasa ta, kuma ba ni da kamarta. In na yi shiru, na zama ɓarauniya da sanina. Yaya zan yi?

Mai Filas, Montevideo

Mai Filas,

Ni ma sai da na ajiye wasiƙarki na riƙe baki. Amma ki daina hukunta kanki a kan abin da ya wuce. Har zuwa ranar Talata ba ki san komai ba, ba ki da laifi. Daga ranar ne alhaki ya hau kanki.

Delmira ta yi ba daidai ba, kuma ta sani, shi ya sa take son ki yi shiru. Ganin abu ba laifi ba ne, aiki da shi ne laifin, duk ɗan birij ya san haka. Sai dai ba na jin ta tashi da niyyar cuta. Wata rana ta lura, ta ga ya yi aiki, ta sake, har ya zama jiki. Kada rana ɗaya a tashar bas ta shafe miki matar da ta tsaya miki a jinya, kada kuma jinyar ta sa ki haɗiye wannan.

Ki same ta gobe, a gidanta, ba ta waya ba. Ki gaya mata duka biyun da suka yi miki ciwo, har da na lissafin, don ina zargin shi ya fi zurfi. Sannan ki ce za ku je wajen Don Washington tare kafin Asabar, ita ta yi bayani da bakinta. Wanda ya kai kansa yakan fi samun sassauci a kan wanda aka kamo. Batun kofuna ki bar wa kwamiti, amma su Etcheverry ki je musu da ƙafarki. In an bar ku ku buga, filas ya zauna a gida, ki kuma shirya shan kashi, domin aminiyarki sabuwar ɗaliba ce a tsaro.

Idan ta ƙi binki, ki tafi ke kaɗai. Zai yi zafi, amma za ki san amsar tambayar da kika kasa yi mini, wato ko ke ta fi so ko kofunan. Ina fatan za ki iske ta ta riga ta ɗauko jakarta tana jiran ku tafi tare. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya bar ku tare.

Doña Ofelia