Kan Hannun Rigar Alhaji Ɗanladi da Kujerar Zuwa Minna

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Gasar Darar Turawa na kulob ɗinmu, Suleja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan kwamiti, ranka ya daɗe, ni ne Haruna, na unguwar Wambai, wanda ya gama jami'a bara, ya dawo daga bautar ƙasa watanni biyu da suka wuce. Sau huɗu na rubuta wannan wasiƙa ina yagawa, saboda tsoron kada a ce boko ya sa ni raina manya. Na manna ta a allon sanarwa ne don na zo gidanka sau uku, ana ce mini ka tafi Gawu Babangida duba gona, ga shi kuma jibi Asabar motar Minna za ta tashi.

Kukana a kan ƙanena Isiyaku ne, mai shekara goma sha huɗu da wata biyar. Wani mai safiyo da ya kama haya a gidanmu, cikin masu auna filin sabon birnin tarayya, shi ya koya masa darar nan da ake ce wa ces. Cikin wata uku mutumin ya daina cin yaron. Da zai tashi ya bar masa allon, ya ce wa mahaifinmu idan aka bar Isiyaku yana fita gasa, wata rana zai kai matsayin manyan gwanayen duniya. A gasar kulob ɗin nan ya yi wasa shida, ya ci shida. Na bakwai shi ne na ranar Lahadi bayan la'asar, tsakaninsa da Alhaji Ɗanladi, duk wanda ya ci kuwa shi ne zai wakilce mu a Minna. Kujera ɗaya ce. Ina gefe a zaune da littafi, ina rubuta kowane motsi.

Na ɗaya. Alhaji Ɗanladi ya zo cikin babbar riga ta shadda mai sitaci. Ba ni da abin cewa game da rigar, ta yi kyau ƙwarai. Sai dai duk lokacin da zai yi tunani mai zurfi yakan ɗaga hannu ya naɗe ta bisa kafaɗa, allon kuma yana kan ɗan gajeren tebur. A motsi na goma sha ɗaya hannun rigar ya share kusurwar allo, ƙananan 'ya'yan dara uku, waɗanda ake kira sojoji, suka zube. Alhaji da kansa ya mayar da su. Biyu sun koma gidajensu. Na ukun, sojan Alhaji, ya tashi a gida ɗaya gaba da inda ya faɗi.

Na biyu. A motsi na goma sha tara rigar ta sake sauka. Wannan karon har ta haɗa da 'ya'yan da aka riga aka ci, waɗanda ke jere a bakin tebur. Da aka gama tsincewa sai ga Alhaji da dawaki biyu a kan allo, alhali Isiyaku ya ci ɗaya tun a motsi na goma sha huɗu. Na duba littafina sau biyu. Na ɗaga hannu kamar ɗan makaranta, sai wani dattijo a bayana ya dafa ni ya ce, “Kai ɗan jami'a, sauke hannunka, manya na tunani.” Na sauke. Ban ce Alhaji ya yi da gangan ba, Allah ya kiyaye. Abin da na sani kawai, duk faɗuwar da aka yi ba a taɓa tashi da asara a ɓangarensa ba.

Za ka tambaya me ya hana yaron magana. Ranka ya daɗe, ka san gidanmu. Da safiyar ranar mahaifinmu ya kira shi ya ce, “Alhaji Ɗanladi abokina ne tun muna yara. Ka ci shi idan za ka iya, amma kada ka kalli idonsa, kada ka mayar masa da magana.” Isiyaku ya ga dokin ya dawo. Ya sunkuyar da kai, ya ce, “Sannu, Baba,” ya ci gaba da wasa. A motsi na ashirin da uku ya sake cin dokin nan. Ina jin a tarihin kulob ɗinmu ba a taɓa cin doki ɗaya sau biyu ba.

Na uku, kuma shi ne ainihin kukana. A motsi na ashirin da bakwai Isiyaku ya matse sarkin Alhaji a lungu. Alhaji ya yi dogon numfashi, ya naɗe riga, sarkinsa ya kife, ya gangara ya faɗo kusa da ƙafar yaron. Masu wannan dara sun san cewa mutum yakan kwantar da sarkinsa idan ya sallama. Ni ban ce Alhaji ya sallama ba, don gaskiya rigar ce ta sallama. To yaron da aka yi wa tarbiyya ba zai bar dattijo ya sunkuya a gabansa ba. Ya durƙusa, ya ɗauki sarkin da hannu biyu, ya goge shi da gefen rigarsa, ya tsayar da shi daidai inda yake, ya ce, “Baba, ga sarkinka.”

Nan take alƙalin wasa, Malam Bulus na makarantar sakandare, ya miƙe ya ce doka ta ce duk wanda ya taɓa ɗan abokin wasansa dole ya ci shi. Isiyaku ya ce a hankali, “Malam, ai ba a cin sarki.” Malam Bulus ya ce to tunda ba zai iya cika doka ba, ya faɗi. Alhaji Ɗanladi ya shafa kan yaron ya ce, “Yaro mai ladabi, Allah ya yi maka albarka. Baɗi ma rana ce.” Aka yi tafi.

Na ari littafin dokokin daga hannun Malam Bulus ɗin kansa, na karanta shi kaf. Dokar tana nan, amma a ƙasanta an bayyana cewa idan ɗan da aka taɓa ba ya ciwuwa, mai wasa ya yi duk motsin da ya halatta. Shafin da bayanin yake ya manne da na gabansa, da alama shayi ne ya zube a kai. Na raba su da reza, ban yaga ko harafi ɗaya ba. Na nuna wa Malam Bulus, ya ce ya gani, amma shi baƙo ne a garin nan, ba zai iya zuwa ya ce wa Alhaji ya sauko daga mota ba. Ya ce sai kai.

Tun ranar Isiyaku bai yi ƙorafi ba. Ya dai jera 'ya'yan darar a zaure yadda wasan ya tsaya, ya hana kowa taɓawa, har kaji yake kora. Jakarsa da ya shirya tun makon jiya tana nan bai kwance ba.

Don haka nake roƙo, cikin ladabi. A ƙarasa wasan gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci, daga motsi na ashirin da bakwai. Na so a mayar da sojan nan gidansa, amma Isiyaku ya ce a bar wa Baba shi inda riga ta kai shi, motsi huɗu suka rage ya ci wasan, ko da sojan ko babu. A samo tebur mai ɗan tsayi. Kuma a yarda wani babba, sa'an Alhaji, ya zauna kusa ya riƙa tsince abin da ya faɗi, don kada ladabi ya sake kayar da yaro.

Roƙona na ƙarshe shi ne ya fi ba ni tsoro, shi ya sa na bar shi a ƙasa. Ranar Juma'a ce, na san kowa da babbar riga zai fito. Ina da jamfa fara mai matsattsen hannu, wadda na ɗinka don zuwa neman aiki, ban taɓa sa ta ba. Na wanke ta, na goge, na kuma auna ta da ido a jikin Alhaji Ɗanladi daga nesa. Za ta shige shi. Ni dai ba zan iya miƙa masa ba, sai dai ta hannunka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya dawo da kai daga gona kafin Asabar, ya ba Alhaji Ɗanladi haƙurin karanta wannan.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Haruna, yayan Isiyaku, unguwar Wambai.